Gurbi a Bangon Ƙofar Doka

Ranar Laraba suka zo, bayan La'asar,
tawadar da na dafa ba ta ko huce ba.
Dogarai biyu, da Bature mai jan wuya
da ya shigo zaure bai tuɓe takalmi ba.
Suka ɗure littattafaina a buhun auduga
kamar masu kai kaya gidan awo.
Gafakar kakana ma ba su bari ba.

Gaban Di'o, tafinta Mijinyawa ne,
yaron da na kama wa hannu ya rubuta baƙin farko.
Aka ce: "Kai ke tara mutane da dare a Unguwar Juma,
kana ce musu Mahadi na tafe?"
Na ce: "Ina ce musu mutuwa na tafe."
Abin da Mijinyawa ya juya da harshen Nasara
Allah ya sani. Bai dai dube ni ba.
Shekara uku, in ji alƙalamin da ba a fiƙe shi da wuƙa ba.

Ƙofar Doka. Yau ni ke ciki.
Sau nawa na wuce nan bisa jaki
ina jin ƙarar mari, in ce Allah ya kyauta,
ban taɓa tambayar sunan kowa ba.

Sun karɓe carbi. To, sarƙar ƙafata
zobe talatin da ɗaya ce, na ƙirga;
biyun da suka rage da gwiwoyina nake cikawa.
Sun hana kiran salla a yadi.
Jirgin Kano ke mana ladanci:
in ya yi kuka a tasha, Azahar ta yi,
in ya makara, mu ma mun makara.
Allah ya san wanda ke riƙe da agogo.

Ruwa ƙoƙo ɗaya ne, safe zuwa safe.
In na sha, ba alwala.
In na yi alwala, dutsen da muke fasawa a Tukur-Tukur ya shanye ni.
Sai na koma ga bango.
Sau biyar a yini ina buga tafi a jar ƙasar nan,
in shafi fuska, in shafi hannu.

Azumi na biyu, gandiroba Cindo ya ɗaga fitila,
ya ga gurbi, sawun yatsu goma,
zurfin ya isa a ajiye ƙwan zabo.
"Malam, rami kake tonawa? Gudu za ka yi?"
Bulala shida a tsakar yadi.
Aka kawo magini ya yaɓe wurin.
Kafin laka ta bushe Magariba ta yi.
Na buga. Wannan karon har zanen tafina ya fito.

Daren nan Cindo ya dawo, ba fitila.
Ya tsuguna bayan ƙyaure da muryar mai neman rance:
'yarsa Ladingo, kwana huɗu jiki kamar garwashi,
ko Malam zai tofa wani abu?
Bayana na tsatsafar jini. Zuciya ta ce, ƙyale shi.
Na daɗe ban amsa ba, har sauro ya gaji da ni.
Sannan na jawo ƙoƙon, ruwan sahur ɗina,
na karanta, na tofa,
na tura ta ƙarƙashin ƙyaure.

Ban san ko ta tashi ba. An mai da shi wani gari.
Ban san ko Ramatu ta sayar da akuyar ba,
ko gara ta gama da buhun nan a ofis,
ko rimin ƙofar gidanmu ya zubar da auduga bana.
Abin da na sani, saura damina ɗaya.
Haƙorana biyu sun faɗi, Baƙara tana nan, ba ta zube ba.
Jiya kuma wani sabon ɗaure, ɗan sarin goro daga Tudun Wada,
bai san ni ba, bai tambayi kowa ba,
ya tashi da asuba yana lalube cikin duhu,
ya sami gurbin,
ya sa hannunsa.